Habi Mai Atamfa Ta Koma Kan Keke

Duk wanda ya saba fita da sassafe a unguwar Zongo ta Wagadugu ya san Habi mai atamfa, ko da bai san sunanta ba. Ita ce dattijuwar nan kakkaura da ke wucewa a kan koren keke idan rana ta fara leƙowa, mayafi ɗaure a ƙugu, tana taka feda a hankali kamar ba ta son ta tashi kowa daga barci. Masu tuyar ƙosai sukan ɗaga mata hannu, ita kuma ta kaɗa musu ƙararrawa sau ɗaya. Shekarunta hamsin da takwas.

A tsohon Zango aka haife ta, wanda yake tsakiyar gari dab da unguwar Kamsaoghin, a gidan da kakanninta fataken goro suka sauke kaya ba su sake ɗauka ba. Mahaifinta tufafi yake sayarwa. Mahaifiyarta kuwa fura take damawa, furar da ta yi suna har a ofisoshin gwamnati, sai ya zama dole a sami mai kaiwa. Da haka Habi ta hau keke tana 'yar shekara goma sha ɗaya. A garin nan mace a kan keke ba abin kallo ba ce, amma irin tuƙin Habi an kalla. Takan ɗaure bokitin fura a baya, ta miƙe tsaye a kan feda don ƙafarta ba ta kaiwa daga sirdi, ta kutsa tsakanin amalanken jakuna, ko ɗigo bai zuba ba. Abin da ya fi zama mata a rai daga wancan zamani shi ne iska, yadda take shiga ta wuyan riga ta fita ta hannu, da inuwar itatuwan maɗaci na bakin titi, tana faɗo mata a fuska ɗaya bayan ɗaya.

A kan keken Ishaku ya fara ganin ta. Direban babbar mota ne, mutumin Tawa, yakan sauka a Zango idan ya taso daga Lome za shi Yamai. Ya sha gaya wa 'ya'yansu cewa sai da ya yi sati yana neman sunanta, don duk lokacin da ya buɗe baki zai gaishe ta, ta riga ta sha kwana.

Bayan haihuwarta ta uku ya saya mata moto, wato babur. Keken ya koma jingine a bayan ɗaki, daga baya aka ba wani. Ta sami rumfa a kasuwar Sankaryaaré, ta gaji sana'ar mahaifinta, daga nan kuma rayuwarta ta koma a zaune: daga sirdin moto zuwa kujerar rumfa, daga kujera zuwa tabarma. Shayi mai kauri da safe, wake da shinkafa da rana, zoɓo mai sanyi duk sa'ad da mai talla ta gifta. A shekarar da aka rushe tsohon Zango saboda aikin ZACA na sake gina tsakiyar gari, suka kwashe kayansu suka koma yamma, bayan unguwar Gounghin, inda suke har yau. Habi ba ta je kallon rusau ba. Ko bayan nan, idan hanya ta biyo da ita ta wajen, sai ta yi zagaye.

Ciwon a hankali ya shigo. Ƙishirwa ce ta fara, irin wadda ruwan randa ba ya kashewa, sai yawan zagayawa, sai kasala. Ta ɗora wa zafi, ta ɗora wa shekaru. Ranar da ta tsorata ita ce ranar da wata mata ta nemi atamfa shuɗiya. Habi ta ɗaga kai ta dubi kayan da ta jera da hannunta, ta ga launukan sun narke cikin juna kamar an jiƙa su. Ta miƙa wa matar koriya.

Zuhura, 'yarta ta biyu, malamar makaranta, ita ta kai ta asibitin unguwa. Aka soki yatsanta, aka ɗiga jinin a bakin wata 'yar na'ura, na'urar ta nuna ɗari uku da goma sha biyu. Likita ya rubuta magani. Kafin su fita, ma'aikaciyar jinyar da ta yi awon, wata doguwa mai suna Saratu, ta zaunar da ita a benci.

"Inna, ciwon sukari ne," in ji ta. "Ba ya warkewa, amma ana zama da shi lafiya. Tuwon da kika ci, da shinkafa, da fura, duk sukari suke komawa a cikin jini. Naman jiki ne ke shanye shi, musamman na cinya da ƙafa, kuma ya fi sha idan yana aiki. Yaushe rabonki da tafiyar da ta sa ki gumi?"

Habi ta yi tunani. "Ranar da moto ya mutu mini a hanyar biki. An fi shekara huɗu."

"To daga yau, idan kin ci abinci kin ɗan huta, ki tashi ki taka ko na rabin awa. Magani zai yi nasa aikin, ƙafa ta yi nata."

Habi ta gwada tafiyar ƙasa har sati biyu. Gwiwoyinta suka ƙi, kuma duk wanda ya gamu da ita sai ya ja birki ya tambaya ko moto ne ya lalace, ta hau ya kai ta. Ta gaji da bayani, ta bari. Zuhura ta sayo mata na'urar awo ta gida, kullum lambobin na sama, suna sauka kaɗan su koma.

Wata rana da azahar, kasuwa ta lafa, Habi ta jingina da tarin atamfa, gyangyaɗi ya ɗauke ta. Ta ga kanta a wani dogon titi mai itatuwa, babu mota, babu kowa, ƙafafunta na juyawa da kansu. Ba ta ga keken ba, ji kawai take yana ƙarƙashinta, yana tafiya da ita ba ƙara ba girgiza. Da ta farka sai ta tarar ƙafarta ta dama na motsi a ƙasa, har ta ture takalminta ƙarƙashin tebur.

Da yamma ta tsaya wurin Rasmane, mai gyaran keke da moto a bakin titin Gounghin, wanda ya yi shekara goma sha biyar yana yi mata faci. Suka gaisa da harshen More kamar kullum. A reshen darbejiyar da yake aiki a ƙarƙashinta akwai wani koren keke na mata a rataye, ya yi ƙura.

"Na wane ne wancan?" ta tambaya.

"Wata ce ta sayar mini za ta koma ƙauye. Jika za ki saya wa?"

"Ni zan hau."

Rasmane ya ajiye sifana ya dube ta. Bai yi dariya ba, kuma daga ranar ta ƙara ganin girmansa. "Ki ba ni kwana biyu," ya ce. "In canza birki, in sa miki sirdi mai faɗi."

Ranar da aka kawo keken, Malam Ishaku, wanda ya daɗe da ajiye tuƙi, yana zaune a ƙofar gida da rediyonsa. Ya zagaya keken, ya latsa taya da babban yatsa.

"Habi, me mutane za su ce?"

"Su ce Habi ta hau keke."

Washegari bayan karin kumallo Zuhura ta auna ta kafin ta wuce makaranta: ɗari biyu da ashirin da takwas. Habi ta tura keken zuwa lungu, ta yi bisimilla, ta ɗora ƙafa. Kan keken ya yi ta rawa a hannunta, ta kusa faɗawa kwata, wata akuya ta tsere. Can sai wani abu ya daidaita a bayanta, wanda ba ita ta daidaita shi ba. Hannunta ya saki, numfashinta ya bi juyin feda. Gidajen ja suka fara wucewa ta gefenta a jere, da mai niƙa, da famfon da mata ke layi da jarkoki, da wani masallaci da ba ta taɓa lura an yi masa fenti ba. Ta ji ƙamshin hayaƙin itace da na burodi. A kan moto duk waɗannan gudu suke yi, yau kuwa kamar tsayawa suke ta gan su.

Ta dawo bayan minti ashirin da biyar, sharkaf da gumi. Zuhura ba ta tafi ba, ta ce ta makara ma ta makara. Ta sake sokar yatsan uwar. Ɗari da saba'in da ɗaya.

"Inna, ça a baissé," in ji Zuhura, wadda kamar sauran 'yan birni ba ta cika gama magana da harshe guda ba. "Ya sauka. Kusan sittin."

"Na'urar ce ta rikice. Sake."

Aka sake, ɗari da sittin da tara.

"To ina ya tafi?"

"Cinyoyinki suka sha."

Habi ta dafa cinyarta da ke ɓari. Ta daɗe a zaune tana jin zafin da ke cikinta, tana tunanin wai duk shekarun nan akwai masu jin ƙishirwa a jikinta, ita ba ta sani ba.

Daga nan ta zama mai lura. Ta gane cewa ranar da ta hau keke, ko washegari da safe lambar takan zo da sauƙi, kamar naman jikin ya ci gaba da sha tana barci. In ta yi kwana uku ba ta hau ba, sai ta koma sama. Ta gane tuwon masara ya fi wake ɗaga ta. Akwai ranar da hadari ya taso mata a hanya, ta taka da iya ƙarfinta, zuciya a wuya, ta iso gida tana murna yau lambar za ta faɗi ƙasa, sai ta ga ta hau. Ta kai ƙara wurin Saratu.

"Idan jiki ya firgita ko aka matsa masa da yawa, hanta kan sako sukarin da ta ajiye," in ji Saratu. "Zai sauka daga baya. Ke dai ki bi a sannu, ba tsere kike ba. Kuma kada ki sha maganin nan ki fita da yunwa."

Wannan gargaɗi na ƙarshe shi ne ta manta wata Lahadi a cikin damina. An yi ruwa da asuba, gari ya wanku, iska na kaɗawa mai sanyi. Ta haɗiye ƙwayarta, koko bai dahu ba, ta ce bari ta zagaya ta dawo ta sha. Sai dai titin ya yi daɗi. Babu cunkoso, kwalta na sheƙi, gajimare sun sauko ƙasa-ƙasa. Ta wuce Gounghin, ta wuce inda ta saba juyawa, ta ci gaba da nufar gabas ba tare da ta yanke shawarar komai ba. Sai da ta hango dogayen benaye masu gilashi ta gane inda ƙafafunta suka kawo ta. Shekara ashirin rabonta da wurin.

Ba ta gane komai ba. Inda take zaton lungunsu ne, katangar kwano ce ta kewaye fili mai ciyawa har ƙugu. Inda take zaton masallacin unguwa, wani bene ne mai hawa biyar, da mai gadi yana barci a kujera. Ta zagaya sau biyu. A karo na uku ta ga wata tsamiya a gefen fili, ta karkata gefe guda, ta ce a ranta ko ita ce ta ƙofar gidansu, ko ba ita ba ce.

Ta sauka ta jingina keken. A nan ta ji gumi mai sanyi na tsattsafo mata, yatsunta na rawa, leɓɓanta sun yi nauyi. Ta zauna a gindin tsamiyar don ta huta. Haske ya yi laushi. Daga can bayan katangar kwanon ta fara jin daka, taɓarya biyu suna amsa wa juna, irin dakan mahaifiyarta da ƙanwar mahaifiyar. Ta ji ƙamshin gero da citta. Ciyawar ta kwanta, ga zauren gidansu da ƙofarsa ta itace, ga mahaifinta yana auna yadi daga hanci zuwa yatsa, ga buhunan goro an yayyafa musu ruwa, ganye na ɗiga. Wani ya ce, Habi, furar ofis ta yi latti. Ta so ta amsa tana zuwa, harshenta ya ƙi ɗaguwa. Ba ta ji tsoro ba. Daɗi ma take ji, da barci.

Wata mata mai sayar da zom-kom, ruwan garin gero mai sukari, tana tura kurarta ta gefen titi, ita ta lura da dattijuwa zaune cikin laima tana magana ita kaɗai. Ta matso ta yi mata magana da More. Habi ta dube ta, da ƙyar ta ce, "Sukari." Matar ta gane, don surukinta na da irin ciwon. Ta cika kofi ta riƙe mata a baki, ta sha a hankali har ya ƙare. Bayan ɗan lokaci zauren ya dushe, dakan ya koma ƙarar wani injin gini a nesa, ciyawa ta miƙe inda take. Matar ta ciro wayar Habi daga jaka ta kira lambar farko.

Malam Ishaku ya iso a tasi, da na'urar awo a aljihun riga, hularsa a karkace. Ya durƙusa ya soki yatsanta da kansa. Saba'in da takwas, bayan kofi guda ke nan. Ya sayo burodi ya tsaya a kanta sai da ta ci. Ya yi wa mai zom-kom godiya har ta fara jin kunya.

A cikin tasi, keken ɗaure a but ɗin baya, da suka kusa Gounghin ya tambaye ta.

"Me kika je nema a can?"

"Ban je nema ba. Hanya ce ta yi daɗi." Ta ɗan jima ta ƙara, "Na ga Baba."

Ya juyo ya dube ta. "Yana lafiya?"

"Yana auna yadi."

Malam Ishaku ya mai da fuskarsa taga. "Keken nan Rasmane za a mayar wa," ya ce.

Ba a mayar ba. Suka je asibiti tare ranar Litinin, ya zayyana wa likita komai yana jiran a goyi bayansa. Likita ya duba littafin awonta, ya ce jikinta ya fara amsar motsin, shi ya sa ƙwayar ta yi mata yawa. Ya rage ta. Saratu ta ce ta ci kafin ta fita, ta auna idan za ta yi nisa, ta riƙe ruwa, ta riƙe ƙwayar sukari uku ko dabino a jikinta kullum, kuma ta riƙa duba tafin ƙafarta da yamma ko akwai rauni. Da suka koma gida Malam Ishaku ya ɗauko tsohuwar jakar takardun motarsa, ya ɗinke ta a kan keken da zaren buhu, ya zuba dabino da sukari, ya sa wata 'yar takarda da ya rubuta sunanta da ciwonta da lambarsa. Har yau shi ke duba jakar kowace safiya kafin ta fita.

Ciwon bai tafi ba, kuma ta daina jiran ya tafi. Akwai makon Sallah da lambobi ke hawa, akwai kwanakin zafin bazara da ba ta fita sai dai ta yi ta kai da komo a inuwar tsakar gida. Amma idonta ya washe, ta rage jiki, zannuwanta sun ƙara zagaye. Sau biyu a mako takan bar moto ta tafi Sankaryaaré a kan keke, ta isa da gumi, ta canza riga a bayan labule. 'Yan kasuwa sun yi maganarsu sun gaji.

A farkon wannan shekara maƙwabciyarta Rakiya, mutuniyar Maraɗi da ta zo garin da girmanta, ta shigo da takardar asibiti a hannu, ido ya yi ja. Ita ma an ce sukari ne. Habi ta ba ta tabarma, ta bar ta ta yi kukanta, sannan ta tambaye ta ko ta taɓa hawa keke.

"Ni? A garinmu? Ko sau ɗaya."

"Gwiwarki lafiya?"

"Lafiya lau."

"To tafiyar ƙasa ma ta ishe ki. Amma zo mu gwada, ko don nishaɗi."

Ranar Asabar bayan la'asar suka tafi filin makarantar su Zuhura, babu kowa sai shanun wani suna kiwo a gefe. Kowacce ta ci abinci, kowacce ta auna. Rakiya ta ɗaure zani tamau ta hau, tana salati. Habi ta riƙe sirdin ta baya tana turawa, tana cewa ta daina kallon taya, ta dubi bishiyar mangwaron can. Suka zagaya sau ɗaya, suka faɗi a yashi, suka tashi suna kakkaɓe juna. A zagaye na huɗu Habi ta ji keken ya yi sauƙi a hannunta. Ta bi shi taku uku, ta buɗe yatsunta.

"Kina riƙe da ni ko, Yaya?" in ji Rakiya, ba ta waiwayo ba.

"Taka dai," Habi ta ce daga inda take tsaye, tana haki, hannu a ƙugu. Rakiya ta ci gaba da tafiya tana karkata dama da hagu, shanun suka ɗaga kai suka matsa mata.